Zuwa Ga Ɗana Da Ya Nemi A Kai Shi Bakin Daga

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan kowa lafiya, sai ƙafar mahaifiyarka da ta sake motsawa, amma da sauƙi.

Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne ba daga bakinka na ji ba. Ƙanwarka ce ta yi suɓutar baki ranar Talata, wai da aka nemi masu zuwa bakin daga kai ka riga kowa ɗaga hannu, alhali layi bai zo kan rukuninku ba. Har ka sa ta rantse ba za ta gaya mana ba. Kada ka ga laifinta, kwana uku ta yi tana yawo da maganar kamar wadda ta haɗiyi garwashi. Mahaifiyarka ba ta sani ba har yanzu. Ka ga ka mai da ni mai ɓoye-ɓoye a cikin gidana.

Na san za ka ce dama Baba bai taɓa son kakin nan ba. Haka ne. Sau biyu na ƙi sa hannu a takardarka, kuma ban yi nadama ba, lokacin hankalinka bai gama zama ba. A karo na uku na sa, don na ga ka kawo ƙarfi, kuma tsare rayukan mutane aiki ne na mutunci. In an tura ka, ka je, ba zan taɓa cewa ka bar 'yan'uwanka a cikin wuta ba. Amma a tura ka daban, ka tura kanka daban.

Kada ka zaci mutuwa ce nake ji maka tsoro. Mutuwa rigar kowa ce, ni da ke kan gadona tana iya riga ka zuwa kaina. Abin da ke hana ni barci shi ne ka ɓace, a rasa ko gawarka.

Ka san akwatin Baffanka da ke ƙarƙashin gadona. Abin da aka kawo mana ke nan: bargo, agogon hannu, reza, da wasiƙar da na rubuta masa wadda ko buɗe ta bai yi ba. Takardar da suka haɗo da su ba ta ce ya rasu ba, cewa ta yi ba a gan shi ba. Kakarka ta riƙe wannan kalma shekara ashirin da ɗaya. Ba ta yarda a sa wa ƙofa sakata da dare. Mota ta tsaya a waje, ko ƙarfe biyu ne, sai ka ji ta tashi zaune tana laluben takalmi. Matarsa kuwa ta rasa matsayinta, ita ba mai miji ba, ita ba wadda miji ya mutu ya bari ba. Wanda ya binne nasa ya yi kuka ya share hawaye. Mu ba mu sami inda za mu tsaya mu ce nan yake kwance ba. A ciwon kakarka na ƙarshe da sunansa take kirana, ni kuma ina amsawa.

Wannan ne ya sa na ƙare rayuwata ina karatun tarihin yaƙe-yaƙe, kuna cewa Baba da littattafansa. Neman yayana nake yi a ciki. Na kuwa tarar da irinsa ba su ƙirguwa. Ran 1 ga Yuli, 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a gefen kogin Somme na Faransa, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu a wuni ɗaya. Aka ci gaba da gwabzawa har Nuwamba, ƙasar da aka ƙwato kuwa ba ta wuce kilomita 10 ba. A wani wuri da ake kira Thiepval an gina katafaren gini an sassaƙa sunaye sama da 72,000 a jikinsa, dukansu waɗanda ba a san kabarinsu ba. A ƙasar Bama, wadda yanzu ake ce wa Myanmar, akwai irinsa kusa da Yangon mai sunaye kusan 27,000 daga Yaƙin Duniya na Biyu, har da na sojojin Afirka ta Yamma da aka ɗiba a jirgin ruwa zuwa dajin da ba su taɓa jin sunansa ba. Kowane suna a nan yana da uwa irin kakarka. Da iyaye suka rasa inda za su kai kukansu, a 1920 Ingila ta ɗauko gawar wani soja da ba a san ko wane ne ba ta binne a majami'ar Westminster da ke Landan, don kowace uwa ta tsaya a gabansa ta ce ƙila nawa ne. Har yau manoman Faransa da Beljiyam in suna huɗa garma na tono musu harsasai da ƙasusuwan mutane.

Akwai ɗaya da ya fi tsaya mini a rai. Ran 11 ga Nuwamba, 1918, manya suka sa hannu kan tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya da asuba, wajen ƙarfe biyar, a cikin taragon jirgin ƙasa, suka ce sai ƙarfe 11 za ta fara aiki. A 'yan awannin nan aka ci gaba da harbi, mutane suka yi ta faɗuwa. Wani sojan Amurka mai suna Henry Gunther saura minti ɗaya aka kashe shi, ya tashi ya tunkari bindigar abokan gaba alhali su kansu suna yi masa alama da hannu ya koma. Minti ɗaya, ɗana. Iran da Iraƙi ma sun shekara takwas suna yi, daga 1980 zuwa 1988, aka tashi iyaka tana inda take, shekaru da yawa bayan nan kuma suna ta musayar ƙasusuwan 'ya'yansu. Duk yaƙin da na karanta sai da ya zo ƙarshe, manya suka zauna suka yi magana. Wannan naku ma in Allah ya so zai ƙare, ina roƙon haka a kowace sujada. To gaggawar me kake yi?

Na ga hoton da ka sa a Facebook, ka rungume bindiga kana dariya, abokanka suna ta zuba maka kirari a ƙasa. Wa a cikinsu zai zo ya zauna da mahaifiyarka in dare ya yi? Za su sa hotonka kwana biyu, su rubuta Allah ya jiƙan maza, su wuce. Kai ba ka ga abin da na gani ba. Ba ka ga uwa tana shinshina bargon ɗanta har warinsa ya ƙare ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ka ɗauki ranka kamar naka ne kai kaɗai, ka yanke shawara a ɓoye, ka ɗora wa yarinya ƙarama nauyin da ya fi ƙarfinta. Wannan ba jarumta ba ce, kuma ba tarbiyyar da na ba ka ba ce.

Na ajiye biro na ɗan zaga na dawo. Ka yi haƙuri in na yi zafi. Na san ba neman suna kaɗai ya kai ka ba. Na san abokin nan naku da kuka fito horo tare ya kwanta dama a can, kuma tun ranar ba ka dawo daidai ba, na ji a muryarka. Allah ya gafarta masa, shi da duk waɗanda suka faɗi, ya ba iyayensu haƙuri. In kana son ka yi masa wani abu, idan ka sami hutu ka je ka gaida mahaifiyarsa, ka ba ta labarin kwanakinsa na ƙarshe. Mu babu wanda ya zo ya ba mu na Baffanka, kuma da mun samu, da ya fi mana komai.

In akwai halin janye sunanka, ka janye, ka jira layinka. In bakin alƙalami ya riga ya bushe, to ga abin da nake roƙo. Ƙarfen shaidar nan da ake rataya muku a wuya, kada ka cire shi ko wanka za ka yi. Ka aiko mini da lambarsa, da sunan bataliyarku, da lambar wayar abokin da ya fi kusa da kai. Kada ka taɓa wanda ya ajiye makami, shi ma ana jiransa a gida.

Sannan ka kira mahaifiyarka kafin Juma'a ka gaya mata da bakinka. Zan zauna kusa da ita lokacin. Allah ya tsare mini kai, ya dawo da kai da ƙafafunka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.