Gidan Birni ya fi ƙarfina: in tashi ko in zauna?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, ina gaishe ku da aiki, da ku da duk masu taya ku shirya wannan fili. Ni mai sauraronku ce daga unguwar Birni a nan Damagaram, malamar makaranta da ta yi ritaya, shekaruna sun haura sittin. Ina roƙon kada a ambaci sunana, domin maganar ta shafi 'ya'ya, kuma Birni wuri ne da kowa ya san kowa.

Maganar gida ce ta hana ni barci. Maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mu a gidan da ya gada wajen mahaifinsa, shi maigidan nawa kuma ya biya 'yan'uwansa rabonsu tun suna da rai. Gidan ƙasa ne irin na da, ginin tubali da rufin azara, ba nisa da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram. Tsofaffi sun ce tun kafin Turawa su ɗauke babban birni daga nan su kai Yamai a 1926 gidan yake tsaye. Zaure biyu gare shi, ga shigifa, ga turakar maigida, ga sassa uku a ciki. Da can har ɗakunan ba sa isar mu. Yau ni ce, da jikoki biyu, da wata yarinya 'yar riƙo. Abokiyar zamana ta koma wajen ɗanta a Maraɗi bayan mun fita takaba, 'ya'yanmu mata duk sun yi aure, mazan kuwa kowa yana inda abincinsa yake: Yamai, Agadas, Kano.

Wanda bai zauna gidan ƙasa ba zai ɗauka ɗakin da aka kulle ya huta ke nan. Ɗakin da ba a shiga shi ya fi saurin mutuwa. Gara takan ci azara a ɓoye, jemagu su tare, kunama ta samu wurin zama, kuma ba mai ganin ɗigon ruwa sai bango ya jiƙe har ƙasa. Kowace shekara kafin damina sai an hau soro an yi yaɓe, an toshe tsaga, an share indararo. Indararo ɗaya in leda ta toshe shi, ruwan dare ɗaya ya isa ya kwanta a kan rufi ya sauko da shi. Marigayi da kansa yake hawa ya duba, ya san kowace kusurwa da ke son ƙasa. Ni gwiwa ba ta bari in taka matakala, sai in tsaya a tsakar gida ina ɗaga kai, abin da magini ya faɗa mini shi ke nan. Maginan da suka iya aikin ƙasa da makuba sun tsufa, 'ya'yansu sun koma siminti. Azarar giginya ta yi wuya ta yi tsada. An taɓa shafa wa bangon waje siminti don a huta da yaɓe, sai danshi ya taru a bayansa, ya ɓamɓaro ya zubo har da ƙasar bangon.

Daminar 2024 ce ta sa tsoro ya shige ni. Duk Damagarawa sun san yadda tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba na wannan shekarar saboda ruwa. Masallacin da gari guda ke kula da shi ke nan. A gidanmu, rufin ɗaki guda a sashen abokiyar zamana ya rufta cikin dare. Allah ya kiyaye ba kowa ciki, amma bango ɗaya ne tsakaninsa da inda jikokina suke kwana. Tun daga nan, da hadari ya haɗu sai in kwashe yaran mu dawo shigifa, in zauna da tocila ina haska rufi har ruwan ya ɗauke.

Ruwan sha kuma ba sai na gaya wa ɗan Damagaram ba. Garinmu a kan dutse yake, daga nesa ake jawo mana ruwa, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Da bazara pampo ba ya kawowa sai tsakar dare, wani lokaci ma shiru, sai 'yan garuwa. Babban gida kuwa ruwa yake sha ko da mutum huɗu ne a ciki. Ɗan fanshona tsakanin garuwa da magini da kuɗin kuran, wato wutar lantarki, yake ƙarewa, kafin a zo maganar magani.

Mijin ɗiyata ne ya nuna mini wani ƙaramin gida a sabbin unguwannin da ke wajen hanyar Tanut. Ginin siminti, rufin kwano, ɗaki biyu da falo, da bayi a ciki, da ɗan tsakar gida da za a iya sharewa kafin shayi ya tafasa. Gaskiya raina ya kwanta da shi. Ba hawa soro, ba fargabar hadari, ƙofa ɗaya ce zan kulle in kwanta. Amma ban rufe ido ga aibinsa ba. Da tsakar rana na shiga, zafin kwanon ya doke ni. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ɗakin ƙasa yana riƙe sanyinsa ko babu fanka. Sa'ad da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a 2023, masu gidan kwano a waje suka riƙa kwana, mu kuwa muna cikin soro lafiya. Unguwar kuma sabuwa ce, kowa da ƙofar ƙarfe a rufe. Zuwa Kasuwar Dole ranar Alhamis sai da kabu-kabu, ni kuwa hawa babur ya fara yi mini wuya. A Birni in na yi tari da dare, da safe maƙwabciya za ta leƙo ta katanga ta ce, "Madam, lafiya kika kwana?" Islamiyyata tana nan, adashena yana nan, matan da muka yi wankan jegon juna suna nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace mai shekaruna.

Duk da haka, da ni kaɗai ce da na yanke shawara. Inda gizo ke saƙar shi ne gidan ba nawa ba ne. Gado ne, kuma har yau ba a raba ba. Mu mata biyu tumuni ne rabonmu, kashi 1 cikin 8, mu raba biyu. Sauran na 'ya'ya 9 ne, maza 4 mata 5, namiji rabon mace biyu. Ke nan abin da na mallaka a gidan nan bai wuce kashi 1 cikin 16 ba, amma ni ce zaune a cikinsa duka. Rabona kaɗai ba zai sayi ƙaramin gidan ba, sai 'ya'yana sun cika mini, kuma biyu daga cikinsu sun ce za su cika in an sayar.

Babban ɗana, wanda yake Yamai, shi ne ya kafe. Ya ce gidan ubansu ba na sayarwa ba ne, muddin yana da rai ba dillalin da zai taka zauren. Ya ce tun 2006 Birni da fada suke cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, wanda ya sayar yau zai yi kuka gobe. Ya ce duk mai saye rushewa zai yi ya zuba siminti, zanen da kakansu ya sa aka yi a fuskar zaure ya tafi ke nan har abada. Wannan maganar ta ƙarshe tana sukata, don gaskiya ce, na ga an yi wa gidaje a layinmu haka. Yaron nan ba mugu ba ne, yana aiko da abin da ya samu, kuma ƙaunar ubansa ce ke magana a bakinsa. Sai dai shi da Sallah yake ganin gidan, an share an yi shafe, dawakin Sarki suna wucewa, yara sun cika tsakar gida. Bai taɓa kwana a ciki a watan Agusta ba tun da ya kama aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ɗaya gefen ga ɗiyata ta uku. Aurenta ya mutu, tana haya da yara a Garin Malam, tana soya ƙosai da safe. Na ce ta dawo gida, ga ɗakuna, sai ta zo ta duba sashen da ya rage ta ga tsagar bango, ta ce, "Inna, ba zan kwantar da yara a nan ba." Ban ga laifinta ba. Rabonta na gado, ko da rabin na namiji ne, zai yi mata jari ko ya kama mata fili. Ba ta taɓa buɗe baki ta nema ba. 'Ya'yan abokiyar zamana ma ba su nema ba, kunyata suke ji, ni na yi musu wankan jarirai. Amma na ji a bakin dangi cewa ɗaya daga cikinsu bashi ya yi masa katutu tun lokacin da aka rufe iyaka a 2023 kasuwancinsa na Kano ya tsaya. Shirun nan nasu ya fi mini nauyi a kan a ce sun kai ni gaban alƙali. Ina jin tsoron in tashi gaban Allah a ce na zauna a kan haƙƙin marayu, ko da marayun sun yi gemu.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku. Gidan nan masauki ne. Dangin marigayi na ƙauyukan Mirriya da Dungas, in an turo mara lafiyarsu babban asibitin Damagaram, a zaurenmu masu jinya suke sauka. Haka ɗalibai 'ya'yan dangi da suka samu jami'a ba su da wurin kwana. Tun zamanin surukina ba a taɓa rufe zauren nan ga baƙo ba, kuma marigayi yana cewa albarkar gidan daga nan take. Tuwon da nake tuƙawa da dare har yanzu da na baƙo nake aunawa. In na koma ɗaki biyu da falo, mai jinya da ya taso daga ƙauye da tabarmarsa ina zai nufa? Kuma ba na so a ce a hannuna gidan Malam ya mutu. Kalmar nan, "ita ta kashe gidan", na san za a faɗe ta, kuma ga mace ake faɗarta.

An kawo shawarwari. Wasu sun ce a sa haya. Masu haya ba za su hau soro su yi yaɓe ba, kuma kuɗin hayar ɗakin ƙasa in an raba wa mutum 11 ba ya sayen komai. Na ce wa babban ya sayi rabon ƙannensa kamar yadda ubansa ya yi, ya ce in ba shi lokaci, lokacin kuwa ba shi da rana. Shawarar da ta fi zauna mini ita ce ta wani dattijo aminin marigayi: a ja katanga a raba gidan biyu, a sayar da sassan baya da suke da ƙofa ta lungu, a sallami masu buƙata, a bar zaure da shigifa da sashe ɗaya a gyara su da kyau in zauna. Ta haka na koma ƙaramin gida ba tare da na bar Birni ba, zaure kuma yana nan buɗe. Matsalar, kuɗin bayan ba zai kai rabon kowa ba, sai wasu sun yarda nasu ya zauna a cikin ginin da ya rage. Kuma yaɓe da fargabar damina suna nan, an dai rage su ne. Dillali ma ya ce mai saye ya fi son gidan dukansa, don fuskar titi yake so.

Allah ya gafarta Malam, ku gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Shin ya halatta a ci gaba da jinkirta rabon gado saboda magaji ɗaya bai yarda ba, alhali akwai mabukata a cikin magada da kunya ta hana su magana? Zamana a gidan, da izinin da ba a furta ba sai dai shiru, yana da laifi a kaina? In kuwa rabawa ce dole, ta yaya uwa za ta fuskanci ɗanta na fari da wannan magana ba tare da zumunci ya tsage tsakaninsa da 'yan ubansa ba? Ba na so in kai shi gaban mai unguwa ko alƙalin fada, amma ban sani ba ko kiran dattijan dangi da malami guda a zauna a gida ya wadatar. Ku kuma duba mini maganar masaukin baƙi: nauyi ne da ya hau kaina wanda zan yi zunubi in na sauke, ko alheri ne da marigayi ya yi gwargwadon ƙarfinsa, ni ma in yi gwargwadon nawa?

Yaran duka za su zo Babbar Sallah, kuma ita ce kaɗai ranar da ake samun su wuri ɗaya. Mai ƙaramin gidan ya ce ba zai jira har bayan damina ba. Don Allah a karanta wasiƙar nan kafin lokacin, domin in san da bakin da zan tare su.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Malam lafiya da basira.

Wassalam,
Mai sauraronku daga unguwar Birni, Damagaram.