Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Kimiyya: A Dubi Binciken Rini Da Hasken Rana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zo da roƙo ne kan binciken amfani da rini da hasken rana wajen sarrafa iskar kabon dayoksaid, bincike ne da ba shi da ginin da za a je a ƙaddamar, shi ya sa ake tsallake shi ranar rabon kuɗi.

Ganyen bishiya yana kama hasken rana, ya sarrafa ruwa da iskar kabon dayoksaid su zama sukari. Masana sun daɗe suna kwaikwayonsa. Tun 1912 Giacomo Ciamician na Jami'ar Bolonya a Italiya, mai jera kwalaben gwaji a rana, ya ce kwal zai ƙare, rana kuwa tana nan. Yau ga iskar kabon dayoksaid ta taru a sama, daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420.

An iya karya wannan iska mai taurin kai, amma galibi sai da rutiniyom ko iridiyom, ƙarafan da ke da tsada da wuyar samu. A nan rini ya shigo. Shi ke shan hasken, ya miƙa lantarki ga wani sinadarin, iskar ta koma kabon monoksaid ko fomik asid, waɗanda masana'antu ke buƙata. A Faris, masanin sinadarai Marc Robert da abokan aikinsa sun yi haka da baƙin ƙarfe da fafurin, jan rinin da ake samu a saiwar wata shuka.

Sai dai, ranka ya daɗe, duk wanda ya taɓa manta tufa a kan igiya ya san abin da rana ke yi wa launi. Haka kwalbar gwaji take: da safe ja wur, kafin a jima ta koɗe, aiki ya tsaya. Ga shi kuma sai an zuba wani sinadari da zai riƙa ƙarewa domin ciyar da rinin. Abin da ake samu ɗan kaɗan ne tukuna, kada kowa ya ce maka gobe za a buɗe masana'anta.

Wannan koɗewar ita ce damuwata, kuma aikin ɗakin gwaji ne, na haƙuri. Ina roƙo a ware wa sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'i kuɗin shekara biyar ba yankewa, da injin auna iskar da gwaji ya fitar, da mai gyara shi idan ya lalace. Ɗalibin da ba shi da wannan injin, ko gwajinsa ya yi kyau ba zai sani ba.

Allah ya yi jagora.

Wassalam.