Zuwa ga Auta, kan bidiyon ƙwan nan

Assalamu alaikum Auta, ya sanyi, ya maigidan naki da takwarata? Mu nan alhamdulillahi, ƙafar Babanku ma da sauƙi ya fara zuwa masallaci da kansa.

Na ga bidiyon da kika tura guruf ɗin gida, na kalla na sake kalla har data ta ƙare. Ga ki a tsakiyar falo da yaran maƙwabta kina koya musu zanen abin wasan nan Hatchimals, wanda yayanki ya ce min wani kamfani ne Spin Master a Toronto ɗin naku ya fito da shi a 2016, ƙwai mai ɗigo-ɗigo ana shafa shi ana rungumarsa har idon abin ya fara haske daga ciki, ya yi ta saran ɓawon da baki yana juyawa sai ya fasa. Wallahi da na ga hannunki a kan takarda sai da na yi ƙwalla.

Gwaggonki ta riga ta kira ni kan maganar zanen mai rai, kin dai san ta. Na ce mata hadisin ba ɓoyayye ba ne, Ibn Abbas ya ce wa mai zane in ya zama dole ya zana bishiya da abin da ba shi da rai, amma kuma Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana har da doki mai fukafukai, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya. Ki tambayi malamin masallacinku ki bi abin da ya ce, kar na ji kin tsaya musu da ita a guruf.

Koyarwar kin ɗauko ta daidai, ƙwai tukuna, sai tsagar kamar haƙoran zarto, sannan kai ya leƙo da manyan idanu a bar ɗan farin ɗigo a ciki, shi ke sa abin ya yi kama da jariri. Amma kin cika gaggawa. Na ga kin kama hannun yaron nan mai jar riga kina ja masa layi, sau biyu kika goge masa, daga nan ya ajiye fensir bai ƙara ɗauka ba ke kuma ba ki lura ba. Ɗan shekara 4 ƙwansa dankali zai fito, ki bar masa dankalinsa ki yaba. Shekara 35 na yi a firamare na san abin da nake faɗa. Ki ba su kala mai kauri da babbar takarda, ki ɓoye kilina, minti 15 ya ishe su.

To ba wannan ya hana ni barci ba. Auta bidiyon nan daga farko har ƙarshe ban ji takwarata ta faɗi kalmar Hausa ko ɗaya ba, ke ma ba ki ce mata ƙwai ba, ba ki ce ƙyanƙyasa ba, Turanci kuke ta zubawa kamar a rediyo. Rannan a waya na ce mata ina kwana sai ta juya tana kallonki ki fassara mata. Ni da aka sa mata sunana! Kin tuna akurkin bayan kicin, da damina muna sa ƙwan zabi a ƙarƙashin kaza, nata kwana 21 ne na zabi sai ya kai sati 4, in suka fito kazar suke bi, kiranta suke amsawa, uwarsu ta wuce ta gabansu ba su san ta ba. Abin da nake gani kenan in na rufe ido. Yarinya ta san ƙwan batir ba ta taɓa jin ɗumin ɗan tsako a tafin hannunta ba, gobe ta zo gidan nan ta zauna kamar baƙuwa, in mutu ba mu taɓa hira ba.

Tun a filin jirgin Malam Aminu Kano na ja miki kunne kika ce Mama ba komai. Ga ba komai nan. Kina da lokacin tara 'ya'yan mutane amma ba ki da lokacin koya wa taki yaren ubanta? Na san za ki ce ni ce na yaga miki littafin zane kina aji 5. Na yaga, jarrabawa ce a gabanki kuma lissafinki ya lalace, da ban tsaya a kanki ba da ba ki kai inda kike ba. Amma har yau ina tuna kukan da kika yi, shi ya sa ba zan ce ki daina ba.

Ranar Asabar in yaran sun tafi ku zauna ku biyu, ku zana kaza a kan ƙwai da 'yan tsaki, duk abin da ta zana ki faɗa mata sunansa, ɓawo, baki, fiffike, ƙafa, ta maimaita. Ki ɗauki hoton ki turo, Babanku ya ce zai sa a buga a manna a falo. Sai ki kira ni bayan isha'inmu, lokacin ku rana ce tana farke, ki ba ta wayar ke ki yi shiru, ni zan tambaye ta mene ne wannan.

Allah Ya yi muku albarka. Ki gaida maigidan.

Mamanki