Gem ɗin besbol ya koma kasuwar kati

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah ka bani fili in sauke abin da ya daɗe yana cina a rai, nasan wasu zasu ce ina ruwan Bahaushe da besbol, to ni dai ruwana ne, tun 1996 nake zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ina tuƙin tasi, a shekarar da Yankees, kulob ɗin besbol na unguwarmu, suka ɗau kofi, ɗan wasansu Derek Jeter yana sabon yaro. Da rediyon mota na koyi wasan nan, sai daga baya na fara shiga tsohon filinsu na titi na 161 wanda suka bari a 2008. In dare yayi na ajiye mota kuma sai in kunna gem.

Ga wanda bai san wasan ba, duk daɗinsa yana tsakanin mutum biyu ne, mai jifa da mai sanda. Mai jifa zai sako ƙwallo da gudun da ya kan haura kilomita 150 a awa, mai sanda bashi da ko rabin sakan ya yanke shawara ya kai duka ko ya ƙyale, in ya kuskure sau uku ya fita. Wasan karatun zuciya ne da haƙuri, kowane kulob wasa 162 yake bugawa a kaka ɗaya. Mariano Rivera, mai jifan Yankees, kusan jifa iri ɗaya yayi ta yi shekara da shekaru, kowa yasan abin da ke zuwa amma sanduna sai karyewa suke.

Gem ɗin da ya kama wannan abu da kyau shine MVP Baseball 2005 na kamfanin EA. Hoton Manny Ramirez na kulob ɗin Boston ne a jikin kwalin, mutanen da suka fitar damu a 2004 bayan muna gaba da wasa uku ba ko ɗaya, raina bai so ba amma na saya, kuma wallahi ban taɓa nadama ba. In mai jifa ya ɗaga hannu ƙwallon sai ta ɗan canza launi, ƙiftawar ido kawai, in ka lura zaka gane wace irin jifa ce ke tafe. Kana iya zama mai kulob ka gina filinka, ka sa kuɗin tikiti, ka ɗauko yaro daga ƙananan kulob ka raine shi har ya zama gwani. Ni da wani abokina ɗan Nijar mun yi hunturu guda cur muna buga kaka ɗaya, shayi na kan wuta, dusar ƙanƙara na zuba a waje, har littafi muka ajiye muna rubuta sakamako da biro.

A wannan shekarar aka yi masa yankan ƙauna. EA ta riga ta kulle lasisin ƙwallon Amurka na NFL ita kaɗai a ƙarshen 2004, sai kamfanin Take-Two shima ya je ya kulle na besbol a 2005, ya zama in ba masu ƙera na'urar gem da kansu ba babu wanda zai fitar da gem da sunayen 'yan wasan MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, sai su. MVP ya mutu yana kan ganiyarsa. Su kuma masu lasisin suka yi ta fitar da MLB 2K har zuwa na 2013 suka tattara suka bari. Har yau akwai masu riƙe da MVP 2005 a kwamfuta suna sabunta sunayen 'yan wasa da hannunsu, kaga kenan ba ni kaɗai ke kewarsa ba.

Yanzu babba ɗaya ne ya rage a kasuwar nan, ba sai na kama suna ba. Gaskiya hotunansa sun yi kyau, ciyawa, zufa, inuwar yamma a fili, duk sai ka rantse talabijin kake kallo. Amma duk shekara zan biya dala 70 in buɗe ɓangaren riƙe kulob, wanda shine abin da nake so, in tarar da shi kusan yadda na barshi bara, sai dai an canza rigar wasu 'yan wasa. Ƙarfinsu duk ya tafi wajen kati. Ka sayi kuɗin cikin gem da kuɗinka na gaske, ka sayi ƙunshin kati baka san wa ke ciki ba, ka buɗe ko ka dace ko ka tashi a tutar babu, ni ban ga marabar wannan da caca ba.

Abin da yasa na ɗau waya nake wannan rubutu shine ɗana, shekararsa 13. Ran Asabar nace zo mu buga kaka ɗaya ni da kai yadda muke yi da baffanka, yace Baba wannan ai ɓata lokaci ne, ka bani dala 20 in buɗe kati ko zan samu Ohtani, wato wani shahararren ɗan wasa. Na tsaya bayansa ina kallo, yatsansa na kan madanni, fuskarsa ta haske da walƙiyar allo, katin ya juyo ba wanda yake so ba, yayi tsaki ya ajiye. Yaron nan ya haddace lambar ƙarfin kowane kati amma bai san dalilin da yasa mai jifa ke sako ƙwallo a waje da gangan in mai sanda ya riga ya kuskure sau biyu ba. Ban ga laifinsa ba, abin da aka ɗora masa a gaba kenan duk sanda ya kunna.

Masu gidajen gem a Kano da Kaduna ma nasan zasu gane zancen, tunda PES ya koma eFootball a 2021 shima harkar ta karkata wajen intanet da kati. A Japan kamfanin Konami na nan tana fitar da nata na besbol masu kyau, amma akasari da Japananci suke, 'yan wasan ma na can ne.

Roƙona ga masu MLB shine su buɗe ƙofa kamfani biyu ko uku su yi gasa kamar da. Kafin nan bana dai ba zan saya ba, na ciro tsohuwar PlayStation 2 ɗina daga kwali na goge mata ƙura, yaron ya yarda zamu gwada wasa goma in ya samu hutun makaranta.

Naku mai karatu kullum,
daga Bronx, New York, Amurka