Wasiƙar Ƙorafi Kan Boris Ɗin Da Kuka Sayar Mana

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke kawo mana kayan gyara,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni ne mai kula da sashen gyara a wata masana'antar narka ƙarfe da ke Challawa, Kano. Na fito da maganar nan fili ne saboda sau uku ina kiran ofishinku ana ce mini oga ya fita.

Mun yi odar boris huɗu, lamba 22220 C3, na fankar da ke zuƙe hayaƙi daga tanderunmu. Ba don ado muka rubuta C3 ba, ita ce alamar boris mai ƙarin tazara a cikinsa. Ƙarfe a tanderu yana kaiwa digiri 1,600, zafin hayaƙin yana bin shaf har cikin boris, zoben ciki ya kumbura. In babu isasshiyar tazara tsakanin zoben da rolojin, sai su cije. Kwalayen sun zo da C3 a jiki, muka ɗaura biyu.

Kwana tara suka yi. Da daddare fanka ta fara kuka kamar injin markaɗe, kafin yaro ya kai ga makunni hayaƙi ya turnuƙe wurin, ga tan shida na narkakken ƙarfe a tanderu. Awa biyar muna riƙe da shi a wuta don kada ya daskare ya lalata mana rufin ciki, kuma kowa ya san abin da wutar lantarki take ci yanzu. Da muka buɗe gidan boris, giris ya zama gawayi, rolojin sun yi shuɗi, kejin da ke riƙe da rolojin ya karye gida uku, shaf ɗin ma ya ƙwarzane sai da muka kai shi wurin mai lez, injin sassaƙa ƙarfe.

Wakilinku, ko zuwa bai yi ba, ya ce wai da guduma muka buga shi. Shekara goma sha bakwai ina wannan aiki, malam. Ɗumama shi muka yi zuwa digiri 110, ya zame kan shaf da kansa. Sai na ɗauko biyun da ke kwali na zura musu ma'aunin tazara. C3 na wannan girman daga 0.10 zuwa 0.135 na milimita yake bayarwa. Naku 0.07 suka ba ni, dukansu biyun, lambar da ke jikinsu kuwa da farce ma tana gogewa.

Ko jabu aka ɗora muku, ko kun san abin da kuka sayar, wannan tsakaninku da wanda ya shigo da kayan. Abin da nake so, ku turo injiniyanku ya auna a gabana, ku nuna mana takardun shigo da kayan, ku canza mana huɗun, sannan a zauna kan kuɗin gyaran shaf. Na dakatar da biyan sauran kuɗinku, kuma matattun boris ɗin suna kan teburina cikin leda har ranar da zai zo.

Wassalam,
Shugaban sashen gyara, Challawa, Kano