Zuwa ga ɗana mai karatun injiniyan kwamfuta

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai.

Mahaifiyarka ta ce ka gaya mata a waya za ka ajiye kwas ɗin harsunan rubuta manhaja, wai kai ƙera inji ka je koya. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Ɗana, tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. A 1961 kamfanin Burroughs na Amurka ya sanar da injin B5000. Robert Barton da abokan aikinsa harshen ALGOL 60 suka sa a gaba, suka duba me yake bukata, sannan suka ƙera. A ALGOL wani aiki kan kira wani, wannan ma ya kira wani, kuma wanda ya shiga ƙarshe shi ke fara fita. Sai suka gina wa injin ma'ajiya mai aiki kamar tulin faranti, na sama ake fara ɗauka. Har MCP, babbar manhajar da ke tafiyar da injin, da wani reshen ALGOL aka rubuta ta, a zamanin da aka saba rubuta irinta da harshen inji zalla.

IBM ma da ta fito da injin System/360 a 1964, ta tanadar masa umarnin lissafi da lambobin da muka saba, sifili zuwa tara, saboda aikin banki da albashi da ake yi da harshen COBOL. Ni da na yi shekaru ina fama da takardun albashi, na san tashin hankalin ɓatan kwabo ɗaya.

Ban ce kullum harshe ne a gaba ba. Harshen Lisp na John McCarthy daga jikin injin IBM 704 ya samo sunayen umarninsa biyu, car da cdr. Amma da injin PDP-6 ya zo a 1964, kalmarsa, wato gurbi ɗaya na ma'ajiyarsa, mai bit 36 (kowane bit sifili ne ko ɗaya) tana ɗaukar adireshi biyu, bit 18 kowanne, daidai abin da Lisp ke nema don haɗa abu da na bayansa.

To in ba ka san waɗannan harsuna ba, wa za ka auna?

Ka koma ka yi rajistar kwas ɗin tun ba a rufe ba. In malamin ne ke ba ka wahala, kira ni ranar Juma'a bayan masallaci mu yi magana. Kuɗin littattafai na tura ta hannun yayarka. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka