Wasiƙa zuwa ga Auta, a kan maganar jigo

Aboabo, Kumasi

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Takardarki ta iso ranar Talata. Na karanta ta a shago, na sake karanta ta da daddare bayan sallar isha'i, kuma na ga inda ranki ya ɓaci. Kin cika shafi huɗu a jarrabawar gwaji ta adabi, malamarku ta ba ki maki kaɗan, ta rubuta da jan biro cewa labarin kika maimaita mata, ba ki fito da jigo ba. Kin ce ba ta yi miki adalci ba. Ni kuwa ina ganin ta so ki da rahama, domin gara ki ji wannan daga bakinta yanzu da ki gan shi a sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare.

Kin san asalin kalmar jigo? Kakanki ya ba ni labarin lambunan fadama a ƙasar Hausa, inda ake kafa itace a bakin rijiya, a ɗaura guga a gefe ɗaya, a ɗaura nauyi a ɗaya gefen, da shi ake ɗebo ruwa a shayar da albasa da tumatir. Wannan shi ne jigo. Mai wucewa zai ga koren lambu ya yaba, mai lambu kuwa ya san abin da ya ɗauki nauyin aikin duka. Malamarku ta riga ta ga lambun, ita ta zaɓa muku littafin. Abin da take nema a wurinki shi ne ki nuna mata itacen.

Ki tuna tatsuniyar Gizo da hankaki da mamanki take yi muku a tsakar gida in an ɗauke wuta. Hankaki suka ara wa Gizo gashinsu, ya bi su zuwa bishiyar ɓaure a tsakiyar ruwa, da ya isa ya hana su ci, duk wanda suka nufa ya ce nasa ne, suka karɓe gashinsu suka bar shi a can. Idan aka tambaye ki jigonta kika faɗi wannan, labari kika bayar. Idan kika ce "haɗama" kika yi shiru, kin taɓo bakin zaren amma ba ki ja shi ba. Me tatsuniyar ta ce game da haɗama? Ta ce mai haɗama yakan manta cewa da fiffiken aro ya tashi. Yanzu kin samu magana cikakkiya wadda wani zai iya musa miki, ke kuma ki kare ta. Maƙwabtanmu Tonawa, wato mutanen Asante, suna da Ananse, halinsa ɗaya da Gizo, ki tambayi ƙawayenki na ɗakin kwana su ba ki nasu, ki gwada wannan aikin a kansu.

Idan yaron shago ya kawo mini kaftani ya ce ya gama, ba na duba gabansa. Juya shi nake yi, in bi ɗinkin ciki da yatsa tun daga hammata har ƙasa, a nan nake sanin ko hannunsa ya faɗa. Littafi ma haka za ki yi masa. Karatun farko na jin daɗi ne. A na biyu ki riƙe fensir, duk abin da marubucin ya yi ta komawa kansa ki sa masa alama, ko bashi ne, ko ƙasa, ko shirun wata mata a duk lokacin da mijinta ya shigo. Marubuci ba ya maimaita abu a banza. Ki lura da inda al'amarin tauraron labarin ya juya, da abin da marubucin ya bari ya same shi a ƙarshe. In kin zo amsa, ki faɗi jigon a jimla ɗaya, ki kawo wurare biyu ko uku daga littafin, kowanne ki bayyana yadda ya tabbatar da maganarki. Shafi biyu irin wannan sun fi huɗun da kika yi.

Tarihi ne na fi so mu daɗe a kansa, don a nan ne nake jin tsoron ki tsaya ga haddar shekaru. Ki ɗauki yaƙin 1900. Kin san Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, sun kama Sarki Prempeh na ɗaya a 1896 sun fitar da shi daga ƙasarsa, bai dawo ba sai 1924. A watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya zo garin nan ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai. A ganinsa kujerar mulki ce, wanda ya ci ƙasa shi ke hawa. A wurin Tonawa kuwa ran al'ummarsu ne a cikinta, ko sarkinsu ba ya zama a kanta. Yaa Asantewaa ta Ejisu ta ja yaƙi, aka yi wa Turawa ƙawanya a ganuwar nan da yanzu ta zama gidan kayan tarihin sojoji, wadda na kai ku kuna ƙanana. An kama ta, ta rasu a tsibirin Seychelles a 1921. Shekarun nan dole ki riƙe su, su ne hujjarki. Amma amsarki ta tsaya a kan abin da suke nunawa, wato yadda mai ƙarfi ya jahilci abin da mutane suka ɗauka da daraja, da irin jinin da wannan jahilci ya jawo.

Akwai wani abu da littafinku zai iya ambata a layi ɗaya ya wuce, ni ba na so ki wuce shi. A cikin sojojin da Turawa suka yi yaƙin da su akwai waɗanda ake kira sojojin Hausa. Tun kafin nan kuma akwai malamai Musulmi a fadar Kumasi suna yi wa sarki rubutu, suna ɗinka layun da mayaƙan Asante ke sawa a rigunan yaƙi. Masu salla ta ko'ina. Kada ki ɓoye wannan don kunya, kada kuma ki yi saurin yanke hukunci. Ki tambayi abin da ya kai kowannensu inda ya tsaya, kuma duk abin da kika karanta ki tambayi wa ya rubuta shi, don wa. Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Turawa. Irin wannan rubutu adabi ne, tarihi ne kuma, daga bakin wanda abin ya faru a idonsa.

Ina yaro a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasa. Na ga maƙwabcinmu, dattijo mai sayar da goro, ya fito da gadon ƙarfensa da tukwanen matarsa bakin hanya yana sayarwa a wulaƙance. Ɗansa abokin wasana ne, a unguwar nan aka yanke cibiyarsa. Ya miƙo mini ƙwallon tsummansa ta saman akori-kura, ban sake ganinsa ba. A 1983 Najeriya ta kori 'yan Ghana, suka dawo da kaya a ka. Gwamnatoci daban, shekaru goma sha huɗu a tsakani, amma duka biyun sun zo ne lokacin da tattalin arziki ya matse, aka waiwayi baƙo. Ga jigo nan, Auta, ya ratsa ta ƙofar gidanmu. Sai dai ki kula, a adabi marubuci ne ya dasa jigon, a tarihi ke ce mai zaro shi, don haka kada ki tanƙwara abin da ya faru don ya dace da ra'ayinki. In wata hujja ta saɓa miki, ki rubuta ta, ki gyara maganarki.

Ki je wurin malamarku da takardar nan mai jan biro, ki gaishe ta da ladabi, ki roƙe ta ta ba ki tambaya ɗaya ki sake amsawa. Ki kwafe mini amsar ki aiko, ina so in karanta. Mamanki ta haɗa miki gari da shito da sukari, yayanki zai kawo ranar ziyara tare da kuɗin littafin tarihin da kika ce. Kada ki bar sallar asuba saboda karatun dare.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki ƙwaƙwalwa.

Babanki